Tsohon gida da takardar inshora: abin da ya kamata magidanci ya sani kafin damana

Damanar shekarar 2024 ta bar babban tabo a ƙasar Nijar. Bisa lissafin da gwamnati ta bayar, mutum 396 suka rasu saboda ruwan sama da ambaliya. Ɓarnar ta shafi mutane fiye da miliyan 1 da rabi. Gidaje fiye da 158,000 suka rushe. Dabbobi wajen 31,000 suka halaka. Jahohin Maraɗi, Tawa da Damagaram suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Iyalai da yawa sai cikin makarantun boko suka sami wurin kwana. Shi ya sa aka ɗage komawar yara makaranta har ranar 28 ga watan Oktoba.

A Damagaram, cikin unguwar Birni, tsohon masallacin ƙasa ya faɗi a farkon watan Satumba na 2024. An gina shi tun tsakiyar ƙarni na 19. Ya yi shekara fiye da 170 a tsaye kafin ruwa ya kayar da shi.

Gida ba ƙaramin abu ba ne ga manomi ko makiyayi. A nan iyali ke kwana. A nan ake ajiyar hatsi, da iri, da kayan ɗakin mata. Sau da yawa gidan gado ne. Kaka ya gina, uba ya ƙara ɗaki, ɗa ya gada. In ya rushe cikin dare ɗaya, wahalar shekaru ce ta bi ruwa.

To, ko akwai hanyar da za a biya mutum in tsohon gidansa ya ƙone ko ya faɗi? Akwai. Sunanta inshora. Amma tana da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan sun fi tsanani ga tsohon gida. Wanda bai san su ba yana iya zuba kuɗi shekara da shekaru, ranar ɓarna kuma ya tashi a tutar babu.

Mece ce inshora?

Direbobi sun san ta. Suna ce mata asuransi. Duk mai mota ko babur dole ne ya yanki takardarta, in ba haka ba jandarmomi su tare shi a hanya. Ta gida kuwa ba dole ba ce. Wanda ya so shi ke shiga.

Ga yadda take. Mutane da yawa ke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan wurin wani kamfani kowace shekara. Ba dukansu ɓarna ke samu ba. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, sai a ɗiba cikin abin da aka tara a biya shi diyya. Wanda shekara ta ƙare masa lafiya, kuɗinsa ba ya dawowa. A nan ta bambanta da adashi. A adashi kowa yana da ranar ɗauka. A inshora mai asara kaɗai ke ɗauka.

Manyan ofisoshin kamfanonin suna Yamai. Suna da rassa ko wakilai a manyan garuruwa. Cikinsu akwai SNAR-Leyma, NIA, CAREN da SUNU. Sunan Leyma yana tuna wa mutum laima, abin da ake fakewa ƙarƙashinsa in ruwa ya sauko.

Kamfanonin ba su yin abin da suka ga dama. Nijar tana cikin ƙasashe 14 na Afirka masu dokar inshora iri ɗaya. An sa hannu a yarjejeniyar a birnin Yawunde na Kamaru a shekarar 1992. Dokar ta fara aiki a 1995. Ana ce mata dokar CIMA. Ita ta faɗi haƙƙin kamfani, ita kuma ta faɗi haƙƙin mai gida.

Me ya sa tsohon gida ke da wuyar shiga?

Kamfani yana biyan tsautsayi ne, wato abin da ya auku ba zato ba tsammani. Gobara tsautsayi ce. Faɗuwar tsawa tsautsayi ce. Tsufa kuwa kowa ya san yana tafe. In gara ta yi shekara 10 tana cin azara har rufi ya rufta, kamfani zai ce wannan tsufa ne da rashin kula. In danshi ya cinye gindin bango sannu a hankali har ya kwanta, haka zai ce. Doka ma ta goya masa baya. Ta ce lalacewar da ta fito daga aibin abu shi da kansa ba ta kan kamfani, sai in an rubuta akasin haka a takarda.

Bayan haka, kamfani yana duba abin da aka yi ginin da shi. Gidan bulo na siminti mai rufin kwano ko dakali shi ya fi sauƙin karɓa. Sai gidan ƙasa mai yaɓen siminti da rufin kwano. Sai gidan ƙasa zalla mai rufin soro. Na ƙarshe shi ne ɗakin kara ko na zana mai jinka, don wuta ba ta jimawa ta cinye shi. Yadda haɗari ya ƙaru, haka kuɗin shekara ke ƙaruwa. Kamfani yana da ikon ya ce ba ya karɓar gida gaba ɗaya.

Yana duba wurin da gidan yake kuma. Gidan da ke kan tudu daban yake da wanda ke cikin kwari. Gidan bakin Gulbin Maraɗi ko Gulbin Kaba, ko na kusa da tabki ko kududdufi, yana kan hanyar ruwa. Mutanen Yamai sun ga haka a shekarar 2020, sa'ad da kogi ya cika ya malale unguwannin da ke bakinsa. Wanda gidansa ya taɓa shan ruwa, ya sani za a tambaye shi.

A faɗi gaskiya tun farko

A ce wani dattijo daga ƙauye ya shiga ofishin kamfani. Bayan gaisuwa, ma'aikaci zai ɗauko takarda ya fara tambaya:

"Baba, da me aka gina gidan? Ɗaki nawa ne? Shekararsa nawa? Rufin soro ne ko kwano ko jinka? Akwai lantarki? A ina ake dafa abinci? Ana wata sana'a a ciki? Ya taɓa yin gobara, ko ruwa ya taɓa shigarsa?"

Duk amsar da dattijon ya bayar, rubutawa ake yi. Ita ce tushen yarjejeniya. Wani yakan ɓoye gaskiya don a rage masa kuɗi. Ya ce bangon siminti ne, alhali ƙasa ce aka yaɓe da siminti. Wannan cutar kai ce. Ranar ɓarna kamfani yana aiko da gwaninsa ya duba. Bangon da ya faɗi ba ya ɓoye abin da ke cikinsa. Aya ta 18 ta dokar ta ce wanda ya yi ƙarya da gangan, takardarsa ta mutu. Ba ya samun ko dala, kuma kuɗin da ya zuba ya zama na kamfani. Wanda ya yi kuskure ba da niyya ba, ba a kashe takardarsa, amma ana rage masa diyya.

In wani abu ya sake bayan an sa hannu, shi ma a faɗa. Misali, mai gida ya kafa injin niƙa a zaure. Ko ɗansa ya fara sayar da man fetur a kwalabe a ƙofar gida. Wannan yana ƙara haɗarin gobara. Aya ta 12 ta ba da kwana 15 a sanar da kamfani.

Shi ma kamfani akwai abin da ke kansa. Kafin a sa hannu, dole ne ya ba mutum takardar bayani. A ciki zai ga kuɗin da zai biya, da abin da aka ɗauke masa, da abin da ba a ɗauke masa ba. Abubuwan da kamfani ya ce babu ruwansa da su, dole ne a rubuta su da baƙaƙen da ido ke gani sosai. Galibi da faransanci ake rubutun. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a ofis nan take. A tafi da takardar gida. A sami malamin makaranta, ko malamin yaƙi da jahilci, ko wani amintacce, ya karanta layi-layi ya fassara da Hausa.

Gobara daban, ambaliya daban

A nan ne mutane suka fi ruɗewa. Takardar inshorar gida kamar buhu ce mai ƙulli-ƙulli a ciki. Kowane ƙulli da sunansa. Abin da ba a sa cikin buhun ba, ba a samun sa ranar buƙata.

Ƙulli na farko shi ne gobara. Tare da ita akan haɗa faɗuwar tsawa da fashewar tukunyar gas. Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. In wuta ta tashi a gidan mutum ta ci gidan maƙwabcinsa, ana iya neman ya biya. Wannan ƙullin shi ke ɗauke masa. A ƙauye, inda darni ke manne da darni, abin dubawa ne ƙwarai.

Akwai ƙullin sata. Akwai na iska mai ƙarfi wadda ke kware kwano. Akwai kuma wanda ake kira ɓarnar ruwa. Mai jin wannan suna sai ya ɗauka ambaliya ake nufi. A takardu da yawa ba ita ba ce. Ana nufin ruwan famfo da ya fashe cikin gida ya jiƙa bango da kaya. Ruwan gulbi da ya cika, ko ruwan sama da ya gangaro ya shiga gida, wannan wani ƙulli ne daban. Sai an rubuta shi da sunansa, an kuma biya kuɗinsa.

Don haka mai gidan ƙasa ya yi tambaya a fili: "In ruwan sama ya jiƙa bangona ya faɗi, za a biya ni? In gulbi ya shigo gidana, za a biya ni? A nuna mini wurin da aka rubuta." Amsar baki ba ta isa. Abin da ke kan takarda shi ne alƙali ke dubawa.

A tambaya kuma game da rumbu da rufewa, da hatsin da ke ciki, da turken dabbobi. Kada a ɗauka suna ciki don kawai suna cikin gida. Dabbobi suna da tasu inshorar daban. Ɓarnar yaƙi da ta tarzoma kuwa, doka ta ce ba ta kan kamfani sai in an yarda da haka a rubuce.

Nawa ake biya in ɓarna ta auku?

Ka'ida ta farko ita ce, inshora ba hanyar arziki ba ce. Doka ta ce diyya ba ta wuce darajar abu a ranar da ya lalace. Wanda tsohon ɗakinsa ya ƙone, ba kuɗin sabon ɗaki ake ba shi ba. Gwanin kamfani yana lissafa abin da sabon gini zai ci. Sa'an nan ya cire rabon tsufa. Ga misali. A ce sake gina ɗaki zai ci jika 500. Gwani ya ce tsufa ya cinye kashi 40 cikin 100. Za a cire jika 200. Saura jika 300. Yadda gida ya tsufa ba gyara, haka abin da ake cirewa ke yawa.

Ka'ida ta biyu ta shafi wanda ya rage darajar gidansa don ya biya kuɗi kaɗan. A ce gida ya kai miliyan 2 na sefa. Mai shi ya ce miliyan 1 ne. Wato rabin gidan kaɗai ya sa cikin inshora. Wuta ta yi ɓarnar jika 600. Kamfani zai biya rabi, jika 300. Sauran rabin yana kan mai gida. Wanda kuma ya ƙara wa gidansa daraja fiye da gaskiya bai ci riba ba. Kuɗin shekara ne kawai zai yi masa yawa. Gara a kira magini ya ƙiyasta abin da ginin zai ci a farashin yau, a faɗi wannan.

Ka'ida ta uku: a takardu da yawa akwai wani ɗan kaso na asara da ke zama kan mai gida kullum. In an rubuta jika 25 ne, ɓarnar jika 20 ba a biyan ta. Ɓarnar jika 100 kuwa, jika 75 ake bayarwa. A tambayi nawa ne wannan kaso tun farko.

Ka'ida ta huɗu ita ce biyan kuɗi. Aya ta 13 ta ce takarda ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Babu bashi a nan. In shekara ta cika, a koma a sabunta da wuri. A biya a ofishin kamfani ko wurin wakilinsa sananne, a karɓi resi mai hatimi. A yi hankali da mai jaka da ke yawo kasuwa-kasuwa yana karɓar kuɗi ba takarda.

Takardun gida

Tsohon gida sau da yawa ba shi da takarda ko ɗaya. Kowa a gari ya san gidan wane ne, shi ke nan. Amma kamfani yana son ya san wa zai biya. In gidan gado ne na ƴan'uwa 6, ba a raba ba, rigima tana iya tashi ranar karɓar kuɗi. Gara magada su zauna tun yanzu. Su yarda da wanda zai tsaya da sunansu, a rubuta gaban shaidu.

A karkara, tun dokar ƙasar noma da kiwo ta shekarar 1993, akwai kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo. Akwai na ƙauye, akwai na gunduma. Ta wurin mai gari da waɗannan kwamitoci ake samun shaidar gado, ko ta saye, ko ta kyauta. A birni kuwa ofishin magajin gari ke ba da takardar fili. Takardar mallaka ta dindindin tana fitowa daga ma'aikatar filaye ta gwamnati. Ko mutum bai shiga inshora ba, waɗannan takardu suna da amfani. Suna kashe gardama tsakanin dangi da maƙwabta.

In mai gida ya rasu, ko ya sayar da gidan, takardar inshora ba ta mutuwa nan take. Tana bin magaji ko mai saye, muddin ya ci gaba da cika sharuɗɗa. Sai dai a je a sanar da kamfani.

A ɗauki hoton gida da wayar salula, ciki da waje, ɗaki-ɗaki. A rubuta jerin kaya masu daraja: keken ɗinki, rediyo, garma, gado, kwanonin mata. A ajiye resin duk abin da aka saya. Kada a ajiye takardun nan duka cikin ɗaki ɗaya. In wuta ta ci ɗakin, ta ci shaida. A sa su cikin leda da gwangwani mai murfi, a kuma kai kofe gidan wani ɗan'uwa.

Ranar da ɓarna ta auku

Rai shi ne farko. A fitar da yara da tsofaffi. A kira jama'a. A garin da ke da ƴan kwana-kwana, lambarsu ita ce 18. Bayan haka a ceci abin da za a iya ceta.

Sa'an nan a sanar da kamfani ba da jinkiri ba. Kwanakin da aka ba mutum suna rubuce a takardarsa. Doka ta ce ba su kasa kwana 5 na aiki. In sata ce, ko mutuwar dabba, awa 48 ne kawai. A kai sanarwar a rubuce, a karɓi shaidar cewa an kai. A sanar da mai gari, da jandarmomi ko ƴan sanda, don a sami shaidar hukuma.

Kada a kwashe ɓaraguzai, kada a fara sabon gini, sai gwanin kamfani ya zo ya gani. A ɗauki hotuna. In ƙiyasinsa bai gamsar da mai gida ba, yana da ikon ya kawo nasa gwanin. In an kasa shiryawa, akwai ofishin da ke sa ido kan kamfanonin inshora a ma'aikatar kuɗi a Yamai. Akwai kuma kotu. Amma kada a yi sanyin jiki. Bayan shekara 2 ƙofar ƙara tana rufewa.

Maganar addini

Magidanta da yawa suna tambayar hukuncin inshora a Musulunci. Malamai da yawa ba su yarda da irin wadda aka saba ba. Suna cewa akwai riba a ciki, akwai kuma rashin sanin abin da mutum zai samu. Shi ya sa aka fito da wani tsari mai suna takaful, wato ɗaukar nauyin juna. A cikinsa kuɗin da kowa ya zuba taimako ne ga asusun jama'a. Kamfani mai riƙo ne kawai, ana biyan sa ladan aikinsa. Ba a juya kuɗin a harkar da shari'a ta hana. Ƙasashen CIMA sun yi wa takaful doka a shekarar 2019. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tambayi malaminsa. Ya kuma tambayi kamfani ko yana da wannan tsari.

Gyara kafin damana

Ginin ƙasa ba abin rainawa ba ne. Yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu. Hasumiyar masallacin Agadas ta ƙasa ce, tsawonta mita 27, tana tsaye shekaru aru-aru. A Yama, cikin jahar Tawa, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a shekarar 1962. A 1986 ginin ya sami babbar kyautar duniya ta Aga Khan. Irin waɗannan gine-gine kula ke riƙe da su. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ma haka yake.

Tun watan Maris ko Afrilu a fara aiki. A hau soro a duba. A toshe duk tsaga, a sake daɓe inda ya zaizaye. A share indararo. In gajere ne a sake dogo, don ruwa ya zuba nesa da bango. A sabunta yaɓe. Maginan da sun san amfanin makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da katsi na marina. Suna hana ruwa shiga. Yaɓen siminti a kan bangon ƙasa yana da kyan gani, amma in ya tsage ruwa yana shiga bayansa ya ci ƙasa ba a sani ba. A ƙwanƙwasa shi. Inda ya yi ƙarar ƙwarya, ya rabu da bango, a gyara.

Gindin bango shi ne inda gida ke fara mutuwa. A cika shi da ƙasa mai tauri, a daɓe, a yi masa gangare. A haƙa magudana ta fitar da ruwa daga tsakar gida. Kada a toshe hanyar ruwa ta unguwa da shara. A soki azara da wuƙa. In ta yi laushi, gara ta shiga, a canza. Inda azara ta yi tsada, akwai maginan da suka koyi rufin tuluwa da na baka ba itace. An fara koyar da wannan aiki a Cikal, wajen Filinge, a shekarar 1980.

Game da wuta, a nisanta murhu da darni. Kada a jibga harawa da kara bisa rufin ɗakin kwana. A kashe garwashi kafin a kwanta, balle da hunturu in iska na kaɗawa. In akwai lantarki, a kira wanda ya iya ya duba tsofaffin wayoyi.

Duk gyaran da aka yi, a rubuta ranarsa da kuɗinsa cikin littafi. A ɗauki hoto. Wannan littafi yana da amfani wurin kamfani. Yana sa a karɓi gida, yana kuma rage abin da gwani zai cire na tsufa. In ma ba a shiga inshora ba, gidan da aka gyara ya fi tsayawa.

In kamfani ya ƙi fa?

Gaskiya ita ce, mai ɗakin kara ko tsohon soro a ƙauye mai nisa zai sha wuya kafin ya sami kamfanin da zai karɓe shi shi kaɗai. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun shekarar 2012 dokar CIMA ta buɗe hanyar ƙaramar inshora ga masu ƙaramin ƙarfi. A cikinta ƙungiya tana iya yin takarda guda da sunan ƴaƴanta duka. Ƙungiyar manoma mai mutum 100 ta fi mutum 1 baki a gaban kamfani. Shugabannin ƙungiyoyi su je su tambaya.

Akwai kuma abin da gari ke iya yi da kansa. Mata sun riga sun nuna hanya. A jahar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a shekarar 1991. Kowane mako suna zuba ɗan abin da suka yarda a asusu. Suna ba juna rance, suna taimakon wadda wani abu ya sama. Magidanta ma suna iya kafa asusun gobara da rushewa. Bayan kaka kowa ya zuba tiya kaza ta hatsi ko dala kaza. A zaɓi ma'aji, da mai rubutu, da masu riƙe mabuɗi. A rubuta doka: wa ake taimako, da nawa, da yaushe. A karanta lissafi gaban kowa. Ga gayya kuma. Matasa su yi kwaɓa, magina su ɗora, ɗakin da ya faɗi ya tashi kafin sanyi.

Wanda ke da hali, gidansa kuma ya cika sharuɗɗa, ya je ofisoshi 2 ko 3 ya gwada farashi. Ya faɗi gaskiya. Ya sa a karanta masa takarda. Ya tabbatar an rubuta ambaliya da sunanta kafin ya fitar da kuɗinsa. Wanda ba shi da hali, ya shiga asusun gari. Amma da mai takarda da marar takarda, kowa ya hau soronsa ya duba tun hadari bai haɗu ba. Allah ya ba da damana mai albarka, ya tsare gidaje da masu su.